Na sayi injin MIG don in gyara fijon Baba, amma huda ƙarfen kawai nake yi

Ɗan Mai Fijo:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu walda da fanal bita na gidan nan ku kawo ɗauki. Akwai fijo 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, salun ce haɗin Kaduna, ta fi shekara 12 a ajiye a bayan gida ƙarƙashin darbejiya. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta, 'yan gwangwan sun yi sawu ya fi biyar ni na hana. Bakanike ya taɓa injin ya tashi, giya lafiya, matsalar bodi ce, in ka ɗaga kafet a wajen direba kana hango ƙasa, cikin but ma tsatsa ta cinye, ga ƙasan ƙofofin baya. Ni kuma na sa a raina da hannuna zan yi aikin nan ko zai kai shekara biyu, don haka na tara kuɗi na sayi injin walda na MIG, irin mai turo waya ta bakin bindiga, mai amfiya 160, mai shagon ya ce min ba ya buƙatar gas, ya haɗa min da waya mai kaurin milimita 0.8. A kan angil da ƙarfen gado ina yi yana kamawa ba laifi. Amma da na ɗora a jikin motar sai ka ji fus, rami. In na ce bari in cike ramin sai ya ƙara faɗi. Jiya ramin da bai kai kan ashana ba na mayar da shi yatsana biyu suna shiga. Injin ne ba shi da kyau ko ni ne?

Sarkin Zolaya:
Kai ne 😂 ka sayar wa 'yan jari bola ka cika ka sayi Corolla ka huta malam

Ɗan Mai Fijo:
Corolla ba ita ta kai mu makaranta ba.

Mai Walda Panteka:
Wa alaikumus salam. Ba injin ba ne kuma ba kai ba ne kaɗai, wayar da aka ba ka ce babbar matsala. Wannan mara gas ɗin akwai hoda a cikinta, ita ke ƙonewa ta kare waldar, kuma zafinta ya yi wa jikin mota yawa. Jikin mota fa bai wuce milimita 0.8 zuwa 1 ba, inda tsatsa ta ci kuma ƙila rabin haka ne ya rage. Wayar nan ta get ce da tagogi da aikin fili. Ka nemi waya zalla 0.6, za ka ga an rubuta ER70S-6 a jikin kwalin, ka nemi silindar gas da regileta. Amma kafin ka kashe ko sisi duba bayan injin naka, akwai bakin da ake jona tiyon gas? Don wasu ƙananan injinan sam ba a yi su da shi ba.

Ɗan Mai Fijo:
Akwai Oga, na leƙa yanzu, wani ɗan bakin ƙarfe ne an rubuta gas a kai. Alhamdulillah ashe ban yi asara ba

Tsohon Fanal Bita:
Yaro ka ji shawarar babanka. Shekarata sama da 35 ina buga bodin mota, 504 kuwa ban san adadin wadda ta bi ta hannuna ba, salun da wagon da fikof, har ta asibiti. Ban taɓa riƙe abin nan naku mai waya ba. Kabayid da oksijin, waya, guduma, shi ke nan. Motocin suna kan titi har yau wasu. Ku yaran yanzu komai sai inji, inji kuma sai nefa, nefa kuma ina take? Ka kawo motar gareji kwana huɗu an gama maka ƙasan nan ka daina ɓata ƙarfen mahaifinka.

Injiniyan Kakuri:
Baba da girmanka, ba na ja da gwanintarka, amma bari in faɗi abin da na gani. Wutar kabayid tana baza zafi ko'ina, kafin wurin da kake so ya narke faɗin tafin hannu ya yi ja, shi ya sa fallen yake lanƙwashewa. Ku kun iya bin sa da guduma ku miƙar, wanda ya fara jiya ba zai iya ba. MIG kuma zafin a wuri ɗaya yake taruwa, ka danna ka saki cikin ƙiftawar ido. Na biyu, yawancin masu kabayid na yanzu ba walda suke ba, biras suke narkawa su liƙe, su kawo foti kamar masu yaɓen ɗaki su rufe. Damina biyu sai fenti ya fara ƙuraje.

Tsohon Fanal Bita:
Wannan 'yan ci da gaggawa kake faɗa ba mu ba. Amma tunda ka taɓo, bari in tambaye ka, waldar MIG ɗin taku tana bugawa? Na ga wadda aka yi, na sa guduma, tauri kamar dutse, in ka matsa mata ta tsage. Tamu kuwa laushi gare ta, ina yi ina bugawa tana kwanciya har ka shafa ba ka jin inda aka haɗa, ba giranda ba foti.

Injiniyan Kakuri:
Nan kam ka yi gaskiya Baba, ba musu. Waldar MIG ta fi tauri kuma ba ta son guduma, sai dai a ci ta da giranda. A kan fuskar ƙofa ko fenda hannun gwani da gas ya fi kyau. Amma shi ƙasan mota yake magana, kuma shi kaɗai yake koyo a gida.

Ɗan Mai Fijo:
Baba na gode wallahi kuma ban raina ba. Abin dai ba na kwana huɗu ba ne a wajena, so nake in ce ni na yi. To wane gas ɗin zan nema? Na ji ana cewa argon

Mai Walda Panteka:
Kar ka sayi argon zalla, wannan na alminiyom ne, a kan baƙin ƙarfe waldar tsayawa take tsiriri ba ta bazuwa. Wanda ya fi shi ne gauraye, argon kashi 75 da CO2 kashi 25, ko mai argon 80. Yana kwanciya lumui, tartsatsi kaɗan. Matsalar samunsa da tsada. Mu dai a nan CO2 zalla muke aiki da shi, ya fi arha nesa ba kusa ba kuma silinda tana daɗewa, sai dai ya fi tartsatsi kuma ya fi nutsewa cikin ƙarfe, to a kan falle sai ka ƙara kula. In aljihunka zai ɗauka ka fara da gaurayen, zai rage maka ciwon kai.

Sannan abin da mutane ke mantawa, in ka canza daga waya mai hoda zuwa waya zalla dole ka juya wayoyin injin. Mai hoda bindiga tana kan nagetif, waya zalla bindiga tana komawa fozitif, maƙalin da kake maƙalawa a jikin mota ya koma nagetif. Ka canza tif ɗin bakin bindiga zuwa 0.6, ka juya ɗan gargaren da ke tura waya, gefe ɗaya 0.8 ne ɗaya 0.6.

Ɗan Damagaram:
Ni da abin kashe gobara na CO2 nake yi, wani ya canza min kan, shekara biyu ke nan lafiya lau

Injiniyan Kakuri:
Ɗan'uwa Allah ne ya tsare ka. Abin kashe gobara akwai bututu a cikinsa har ƙasa, ruwan CO2 yake zuƙowa ba iska ba, in ba a cire bututun ba ruwan zai shiga regileta ya daskarar da ita. Kuma taɓa kan silinda mai matsin nan ba aikin bakin titi ba ne. Ɗan Mai Fijo ka je wajen masu cika gas na masana'antu ka karɓi silinda ta gaskiya, ka ɗaure ta da sarƙa a jikin bango. Kuma don Allah kar wani ya ce maka ka jona oksijin wai duk gas ne.

Ɗan Damagaram:
An cire bututun ai, ba mahaukaci ba ne ni

Bahaushen Birmingham:
Sannunku da gida. Ni a gareji nake aiki a Ingila kuma rabin aikinmu na hunturu waldar tsatsa ce, don nan gishiri suke zubawa a titi saboda ƙanƙara, mota 'yar shekara 15 sai ka ga ƙasanta kamar biskit. Abin da zan gaya maka ƙanina, ka bar motar nan tukuna. Ka rufe ta da tamfol wata guda. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko duk inda kake, ka sayi tsohuwar ƙofar mota ko bonet da ya mutu, ka yanka shi gunduwa-gunduwa kamar tafin hannu, ka kankare fentin har ƙarfe ya yi fari, a kansu za ka koya. Ni da na fara wata biyu ogana bai bar ni na taɓa motar kwastoma ba.

Kuma ka cire wa ranka jan layi. Abin nan da kake gani a bidiyo mutum ya ja walda dogo kamar zaren ɗinki, a kan ƙarfe mai kauri ne. A jikin mota ɗigo ake yi. Ka danna kamar rabin sakan ka saki, ka tsallake can nesa ka sake ɗiga, ka dawo wani gefen, kana zagayawa kana barin wurin ya huce har ka iya ɗora bayan hannunka, a haka a haka ɗigon ke haɗuwa da juna har layin ya rufe. Faci kamar faɗin littafi yana iya cin awa guda da rabi kuma ba laifi ba ne. Gaggawa ita ke lanƙwasa falle.

Ɗan Mai Fijo:
Yaya wallahi layi nake ja, kamar yadda nake yi a kan angil. To lambobin fa? akwai maɓalli biyu a gaba ban san inda zan ajiye su ba

Bahaushen Birmingham:
Ɗaya na ƙarfin wuta ne ɗaya na gudun waya. Lissafin da ake bi kusan amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya, to kai wajen 30 zuwa 45 kake, bolt 15 zuwa 16 haka. Amma kowane inji da halinsa, kunnenka ne zai gaya maka. In ya daidaita za ka ji sauti ɗaya ba yankewa kamar an tsoma ƙosai a mai mai zafi. In kana jin bindiga tana tokare hannunka tana tat tat tat, waya ta yi gudu da yawa ko wuta ta yi kaɗan. In wayar tana narkewa tana komawa ta manne a tif, gudunta ya yi kaɗan. Wayar da ta leƙo daga baki kar ta wuce milimita 6 zuwa 10, ka riƙa datse kan da filaya kafin ka sake ɗigawa. Gas lita 8 zuwa 10 a minti ya isa a cikin ɗaki.

Kuskuren da sabon shiga ke yi bayan ya huda sau biyu, sai tsoro ya kama shi ya rage wuta can ƙasa, waldar ta zauna a sama kamar kashin awaki ba ta shiga ba. Ka juya bayan fallen ka duba, in ba ka ga alamar ta ɓullo ba, ba ta kama ba. Ka sa a bais ka lanƙwasa da filaya, ƙarfen ya kamata ya yage a gefe, ba waldar ta ɓalle ba.

Sarkin Zolaya:
Kashin awaki 😂😂 Yaya ka ga waldar get ɗin gidanmu ke nan

Mai Walda Panteka:
Ƙari a kan na Birmingham, iska. Yanzu hunturu ya shigo, in a tsakar gida kake yi iska za ta kwashe gas ɗin waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar soso. Ka kare wurin da katako ko kwano, fanka ma kar ta hura kai tsaye. Wayar kuma in ka gama ka cire ta ka sa a leda, in ta yi tsatsa da damina ta gama yawo, za ta toshe maka cikin tiyo. Sai maganar wuta. A kan me kake kunna injin?

Ɗan Mai Fijo:
In akwai nefa da ita, in babu janareto 2.5

Mai Walda Panteka:
Ya yi kaɗan. A kan ɗigo na falle ƙila ya ɗan ja, amma duk sanda ka danna zai durƙusa wuta ta sauka, saitin da ka yi ya tashi a banza, kuma haka ake ƙona katin inji. Ka nemi aron mai 5 ko 6 ranar da za ka yi aiki. Kuma banda doguwar wayar nan siririya ta cajin waya, wayar wuta mai kaurin 2.5 ka sa kuma gajeruwa. Nefar unguwa ma da yamma in kowa ya kunna kaya ƙarfinta faɗuwa yake, za ka ga saitin safe ya ƙi aiki da la'asar ka ɗauka hannunka ne.

Tsohon Fanal Bita:
Kun ji ko. Silinda, regileta, janareto, waya kaza, tif kaza. Ni kabayid na ɗari nawa zan jiƙa in gama aikin. Hmm.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku yi haƙuri na shigo maganar maza, ƙanina mai walda ne kuma a asibiti nake aiki. Duk kun yi maganar ƙarfe babu wanda ya yi maganar ido. Baƙin gilashin nan na kasuwa ba ya kare komai, hasken walda yana ƙona fatar ido, ba ka ji a lokacin sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashi. Ka sayi hular walda ta gaske mai rufe fuska duka. Kuma in ya same ka don Allah banda ɗiga madara ko ruwan albasa ko man juyi, ka je a duba. Giranda ma ka sa farin gilashi, mun sha ganin ɓarɓashin ƙarfe a ido. Yara kuma a kore su daga wajen, su ne masu tsayawa kallo.

Ɗan Damagaram:
Hajiya madarar ai sha ake ba ɗigawa ba, tana wanke hayaƙin

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu yake tafiya, a ina suka haɗu? Ka sha don daɗi amma ba magani ba ce.

Injiniyan Kakuri:
Hajiya ta gama magana. Duhun gilashin lamba 10 ya yi wa aikinsa. In ƙara biyu. Kar ka yi faci da kwanon rufi ko duk ƙarfe mai ruwan zinki, farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, kuma waldar ma tofi take yi. Na biyu kar ka wanke wurin walda da feshin wanke birki, wasu akwai sinadarin kulorin a ciki, in ya haɗu da hasken walda yana zama guba mai suna fosjin, kaɗan ya isa ya illata huhu. Giranda da burushin waya sun wadatar. Kaya kuma na auduga, yadin roba narkewa yake ya manne a fata, silifas kuma ka bar su a ƙofar ɗaki.

Tunda kowa na kiran abin MIG bari in yi ɗan karambani, in da CO2 ko gauraye kake yi sunansa na littafi MAG ne. Asalin fasahar a Amurka aka fito da ita a 1948 don alminiyom, sai a 1953 'yan Tarayyar Sobiyet suka nuna ana iya yi da CO2, shi ne ya sa ta yi arha har ta shigo aikin baƙin ƙarfe.

Sarkin Zolaya:
Injiniya mun gode, za a fito a jarabawa ne?

Admin:
Sarkin Zolaya a bar mutane su ƙaru don Allah.

Ɗan Mai Fijo:
Salam jama'a, na dawo bayan sati uku. Na samu silindar CO2, gaurayen ya fi ƙarfina. Na sayi waya 0.6, na juya wayoyin kamar yadda Oga na Panteka ya ce, na sayo mataccen bonet na yanka. Kwana huɗun farko huda dai nake yi, rana ta biyar sai na ji sautin ƙosan nan, wallahi sai da na ajiye bindiga na yi dariya ni kaɗai. Yanzu ina haɗa falle biyu baki da baki in lanƙwasa ba ta ɓallewa.

Amma jiya na yi ganganci. Na ce bari in gwada ɗan ƙaramin rami a ƙasan wajen fasinja, na ɗaga kafet ɗin gefen kawai ban cire ba, ina cikin ɗigo na huɗu hula a fuskata ba na ganin komai sai na ji ɗana yana ihu Abba hayaƙi. Ashe baƙin kwaltan nan da ke shafe a ƙarƙashin mota ne ya kama, ya haura ya lasa soson da ke ƙasan kafet. Allah ya sa akwai bokitin ruwan wanki a kusa. Kafet ɗin Baba dai ya tafi, gefe guda ya ƙone. Jikina har yanzu rawa yake.

Bahaushen Birmingham:
Innalillahi. Alhamdulillah da abin ya tsaya a kafet. Laifina ne ma da ban faɗa ba tun farko. Kafin ka sake kunna injin a jikin motar nan, kujeru waje, kafet waje, soso waje, kwaltan ƙasa ka kankare shi aƙalla faɗin tafin hannu kewaye da wurin ta ciki da ta waje. Ka cire kan batir. Ka bi tiyon mai da na birki da wayoyin wuta ka san inda suka bi, a ƙarƙashin ƙasan nan suke wucewa. Tunda za ka yi aikin but, tanki ma a sauke shi a kai shi nesa, kuma tankin da babu mai ya fi mai mai haɗari don tururin ne ke fashewa. Gilasan mota ka rufe su, tartsatsin giranda yana nutsewa a gilashi ba ya fita. Mu a nan in mutum yana walda a mota akwai wani tsaye da abin kashe gobara, kuma in an gama ba a kulle gareji sai an jira rabin awa ana dubawa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kuma me yaron yake yi a wajen? Ban ce a kore su ba?

Ɗan Mai Fijo:
Hajiya daga baya ya leƙo, amma kin yi gaskiya. Uwarsa ma ta wanke ni tas

Tsohon Fanal Bita:
Allah ya ƙara tsarewa. Wannan kam ba ruwan MIG ko kabayid, duk wanda ya yi aikin nan ya taɓa ƙona wani abu, ni kushin ɗin wani Alhaji na ƙona ina yaron shago, ogana ya yi min dukan da har yau ina tunawa. To tunda ka nace bari in ba ka abin da injin ba zai ba ka ba. Ramin da ka je cikewa, kar ka cike. Tsatsa ba ta walduwa. Abin da ido ya gani rami ɗaya ne, ka sa sukundireba ka caccaka kewayensa da ƙarfi, duk inda ya shige ko ya lotsa ya mutu. Ka yanke har sai ka iso ƙarfe mai haske mai kaurinsa na asali, ko da ramin zai zama faɗin faranti. Sannan ka ɗora kwali ka zana, ka yanka, ka gwada, in ya zauna daidai ka mayar da zanen kan falle. Rabin aikin bodi a almakashi yake, in facin ya zauna ba giɓi ko makaho ya liƙe shi.

A 504 ka duba min wurare huɗu, ƙasan ƙafar direba, dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, inda ake sa jak, da saman da shokozoba na gaba ke ɗaure. Salun ba ta da shasi daban kamar babbar mota, bodin ne ƙashin bayanta.

Injiniyan Kakuri:
Wannan ita ce maganar da ta fi duk abin da muka faɗa. Kuma saboda abin da Baba ya ce, in za ka yanke dogon ƙarfen ƙasan ƙofa kar ka yanke gefe biyu lokaci guda, kuma ka fara walda angil a tsakanin ginshiƙan ƙofa ya riƙe, in ba haka ba motar za ta saki ƙofa ta daina rufuwa. Wurin nan ƙarfensa ya fi na ƙasa kauri, ka auna wanda ka cire ka sa irinsa.

Bahaushen Birmingham:
A nan in ka yi faci a irin wuraren nan dole waldar ta zagaye shi ba yankewa, in ɗigo ka yi nan da can ka bari, ko ka liƙe da biras, motar ba za ta ci gwajin lafiyar mota na shekara da ake kira MOT ba. Na san a gida babu mai dubawa, amma iyalinka za ka ɗauka a ciki. Inda kamfani ya haɗa falle biyu da ɗigon inji, kai sai ka huda na sama da dirilin milimita 6 ko 8, ka matse su sosai, ka fara daga tsakiyar ramin kan na ƙasa ka zagayo har ya cika. Dabara ɗaya kuma, ka samu guntun jan ƙarfe, ko bututun ruwa na jan ƙarfe ka buge shi ya baje, ka tokara a bayan inda kake walda. Walda ba ta kama shi, yana shanye zafi, kuma yana tare narkakken ƙarfen kar ya zube. Da shi ake cike ƙananan ramuka irin waɗanda ka yi da farko.

Ɗan Mai Fijo:
Na fitar da komai yau, motar ta zama kwango. Na yi caccakar da Baba ya ce, ramin da na ɗauka na kwabo ne ya koma kusan tsawon hannuna 😭 kuma da na ci fentin ƙasan ƙofar baya da giranda sai na tarar da foti kaurin yatsa, a ƙarƙashinsa wani abu rawaya kamar zinare. In na ɗiga walda a kai sai ta yi ta tofi tana farin hayaƙi. Mene ne wannan?

Mai Walda Panteka:
Biras ne. MIG ba ta hawa kansa, sai ka yanke shi gaba ɗaya ko ka cinye shi tas da giranda. Injiniya ga maganarka ta fito 😂

Tsohon Fanal Bita:
Ba aikina ba ne wannan, ku daina kallona. Ƙasan ƙofa kuma kar ka taɓa shi yanzu yaro, fuska ce, in ta lanƙwashe kowa zai gani, kuma akwai naɗin baki da sai an yi da guduma da dabara. Ka gama ƙasan mota da but inda kafet zai rufe kuskurenka. Kuma in ka gama kowane faci ka shafa jan fenti ta sama da ta ƙasa a ranar, ƙarfen da aka yi wa walda kwana biyu ya isa ya fara ja. Ramukan da ke ƙasan ƙofa na fitar ruwa ne kar ka toshe su, toshewarsu ce ma ta jawo tsatsar.

A wace unguwa kake? In ba nisa ranar Asabar bayan azahar in sa yaro ya kawo ni in ga ƙofofin. Zan zo da gudumata da dolina, wato ƙarfen da nake tokarawa in zan buga, kai kuma ka nuna min yadda ake danna abin nan naku.

Sarkin Zolaya:
Jama'a a rubuta ranar nan, Baba zai riƙe MIG

Tsohon Fanal Bita:
Gani kawai zan yi.

Ɗan Mai Fijo:
Baba na tura maka kwatance ta ciki. Janareton aro zai zo ƙarfe ɗaya. Oga na Panteka, tif ɗina biyu sun manne, guda nawa ya kamata in saya in ajiye?

Mai Walda Panteka:
Sayi fakiti guda kawai, ba za su kai ƙarshen wata ba.